Yaran da Na Hana Sa Ƙafa

Bana 'yan wasana tara suka gama kwaleji a lokaci guda. Tare suka shigo, tare suka fita. Ranar da aka yaye su ina tsaye a bayan rumfa, ina kallonsu cikin dogayen rigunan nan da huluna masu tuntu, iyaye suna ta jan su a ɗauki hoto. Kyaftin ɗinmu ya hango ni ya taho da gudu, rigar tana harɗe masa ƙafa, ya cire hularsa ya ɗora mini a kai. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ba ta kai zuci ba. Cikin mutum goma sha ɗaya da nake jerawa a fili, biyu kawai suka rage mini.

Ni ba malami ba ne a kwalejin. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Aikin da aka ɗauke ni shi ne kula da fili: in yanke ciyawa, in zuba farar ƙasa a kan layi, in ɗaura raga da yamma in kwance ta kafin magariba don kada awaki su yayyaga ta. Sai dai na buga ƙwallo sosai da ƙuruciya a unguwarmu ta Jekadafari, mai tsaron baya ne ni, kuma malaman sashen wasanni sun san haka. Da ajujuwa suka yi musu yawa sai suka riƙa bar mini yaran da yamma, har abin ya zama nawa. A takarda sunan wani malami ne koci. A fili kuwa usur yana wuyana. Ɗalibai ba sa ce mini koci, Bappa suke cewa, har waɗanda ko gaisuwa ba su iya da Fulatanci ba.

Waɗancan taran ban taɓa samun irinsu ba, kuma ba na jin zan sake. Golanmu dogo ne, in ya buɗe hannu sai ka ga raga ta ƙanƙance. Kyaftin yana tsakiya, ba ya yawan gudu, ba ya ihu, amma duk ƙwallo sai ta biyo ta wurinsa. Ɗan gabanmu kuwa siriri ne, in ka gan shi a layin abinci ka ce bai da lafiya, amma in ya yanke mutum sai 'yan kallo su ce wa mutumin ya tafi gida ya huta. Shekara uku muna cin kusan duk wanda muka haɗu da shi a gasar kwalejoji. Mun ɗauko kofi, an zagaya da mu gari a bayan mota, har masu shayin unguwarmu suka daina kirana mai yankan ciyawa.

Ina da doka guda a wurin atisaye. Shekarun baya, kafin zuwan waɗannan, na taɓa samun wani ɗan gaba mai kyau, wani sabon shiga ya karya shi a atisaye ana gobe wasa. Tun daga ranar na ce ba za a sake ba. Sai na raba yara gida biyu, 'yan farko da 'yan benci. In ana atisaye 'yan benci ne abokan karawa, amma an hana su sa ƙafa. Ka bi mutum, ka tare masa hanya, ka kora shi gefe in za ka iya, amma da zarar ka ga ƙafarka za ta haɗu da tasa, janye taka. Wanda ya saɓa zai yi ta zagaya fili har sai na tuna da shi. Ranar wasa kuma ba na canza kowa sai in mutum ya kasa tashi. Ana ci, ana tafa mini, ban ga dalilin taɓa komai ba.

A shekara ta biyu ta taurarin nan wani yaro ya shigo, ɗan unguwar Herwagana, babansa kafinta ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana. Ranar farko, kafin kowa ya faɗa masa doka, ɗan gabanmu ya taho da ƙwallo yana rangaji kamar yadda ya saba. Yaron ya bi shi, ya jira, ya jira, sai kawai ya zame a ƙasa ya ɗauke ƙwallon tsaf, ko igiyar takalmin ɗan gaban bai taɓa ba. Ya miƙe da ita a ƙafarsa. Fili ya yi tsit. Ni da na yi tsaron baya na san abin da na gani. Irin wannan ba kowa ake iya koya wa ba, da shi aka haife shi.

Na busa usur kamar zan fasa shi.

"Kai! Zo nan! Wa ya aiko ka?"

"Sa?"

"Ba sa ba ne, Bappa ne. Na ce wa ya aiko ka ka karya mini yaro?"

"Bappa, ƙwallo na ɗauka. Ban taɓa shi ba."

"Yau ba ka taɓa shi ba. Gobe fa? In ƙafar nan ta lalace, taka za ka ciro ka ba shi?"

Ɗan gaban yana kakkaɓe wandonsa ya ce, "Bappa, tasa ai ta yi mini gajarta."

Kowa ya kwashe da dariya. Ɗan kafinta ya zagaya fili har rana ta faɗi. Na ɗauka ba zai dawo ba, amma washegari shi ne farkon zuwa.

Shekara biyu ya yi a benci. Bai taɓa fashin atisaye ba, kuma bai sake sa wa kowa ƙafa ba. Cikin 'yan benci duka shi ya fi kowa bin dokar, har nakan nuna shi in ce wa sababbi su yi koyi da shi. Ranar wasa zai sa takalminsa ya ɗaure tam, ya zauna a ƙarshen benci. In an kusa tashi, muna gaba da ci uku ko huɗu, sai ya leƙo fuskata.

"Bappa, yau fa?"

"Lokacinka yana zuwa."

Me zan rasa in na sa shi muna gaba da ci huɗu? Ba komai. Ina so ne kawai in ga an ƙara na biyar. Burinsa kuwa guda ne, kuma kowa a fili ya sani: ya buga wa kwaleji wasan gasa na gaske, da alƙalin wasa daga waje, da sunansa a lasifika, kafin ya gama karatu. Ko sau ɗaya ne. Bana ita ce shekararsa ta ƙarshe.

Bayan an dawo hutu shugaban sashen wasanni ya kira ni gidansa a Barunde. Mutumin kirki ne, bai taɓa raina ni ba. Aka kawo mini zoɓo mai sanyi, na sha rabi na ajiye, don na ga fuskarsa.

"Bappa, bana me muke da shi?"

"Yallaɓai, muna da yara."

"Yara kowa yana da su. 'Yan ƙwallo nake tambaya."

Na fara jera masa su. Ya ɗaga hannu.

"Duk waɗannan ka taɓa sa ɗaya daga cikinsu a wasa?"

Na girgiza kai.

"Ka gani ko? Makaranta ta saba da kofi. Ba zan sa hannu a kai sunanta gasa a yi ta ɗura mana kamar ana cika randa ba. In babu, mu huta bana, mu jira sababbin shiga su nuna."

"Yallaɓai, akwai waɗanda bana ce ta ƙarshe a wurinsu. In an huta, sun tafi ke nan."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To, shirya wasan sada zumunta guda biyu. Zan zo da kaina in zauna. Abin da idona ya gani shi zai sa hannu."

Na ɗaura wa ɗan kafinta ƙyallen kyaftin a damtse. Sai shafa ƙyallen yake yi kamar mai tsoron zai zame.

Wasan farko da ƙungiyar wata unguwa muka yi. Rabinsu direbobin keke napep ne da makanikai, wasu har da tumbi. Da taurarina suna nan, ko zufa ba za su yi ba. Amma ranar na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake kallon ƙwallo. Yarana ba ragwaye ba ne. Suna gudu, suna bin mutum, sau da yawa ma suna riga shi isa wurin. Sai a daidai lokacin da ya kamata ƙafa ta shiga, in ga ta koma baya da kanta, kamar ta wanda ya taka garwashi. Makanike zai taho da ƙwallo, mutum uku su kewaye shi, su raka shi har gaban gola, ba wanda ya taɓa shi. Ɗaya daga cikin yarana ya bangaji wani bisa kuskure, sai ya tsaya cak ya ɗaga hannu biyu yana cewa sori, ƙwallo kuwa ta wuce.

Wani direban keke a bayan layi ya ɗaga murya, "Bappa! Waɗannan masu tsaron baya ne ko masu tarbar baƙi a gidan biki? Kowa ya zo sai su ce bisimilla!"

Wani ya amsa, "A kawo musu faranti su raba cingam!"

Ban ƙirga ƙwallayen ba, na daina kallon raga. Ɗan kafinta nake kallo. Yana karanta wasa kamar da, ya san inda ƙwallo za ta bi kafin a buga ta, yana isa kan lokaci. Sai ya janye. Duk janyewar da ya yi sai ya waiwayo benci ya dube ni, ban sani ba ko yabo yake jira ko faɗa. Da aka tashi shugaban sashe ya naɗe kujerarsa, ya bi ta gabana, ya ce, "Saura ɗaya."

Washegari na tara su a tsakiyar fili na ce doka ta tashi. Daga yau kowa ya sa ƙafa.

Suka kalli juna.

Wani ya ce, "Bappa, da gaske, ko gwada mu kake a zagaya fili?"

"Da gaske."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa. In ka ga ƙwallo ka ɗauke ta, ko a ƙafar wa take."

Aka fara. Ba abin da ya canza. Na yi ihu, na yi zagi, na sa mutum biyu suka zagaya fili saboda sun janye, abin da a da saboda shi nake yaba musu. Na ce su tsaya in nuna musu da kaina. Na ja da baya, na taho da ɗan guduna na tsufa, na zame. Ƙwallon ta yi gabas, ni na yi yamma, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Sun yi ƙoƙari kada su yi dariya, amma ta ƙwace musu. Kwana biyu ina sallah a zaune.

Ɗan kafinta ya same ni ina naɗe raga.

"Bappa, wallahi ina ji. Kaina ya ji. Ƙafar ce ba ta ji ba."

"Za ta ji."

"In na zo shiga sai in ji kamar wani ya riƙe mini riga ta baya."

"Ka fizge."

Abin da na faɗa masa ke nan. Ka fizge. Alhali na sani sarai cewa sa ƙafa ba zuciya kaɗai ba ce. Akwai lokacin da ake shiga, akwai ƙafar da ake turawa da wadda ake lanƙwashewa a ƙarƙashi, akwai yadda ake faɗuwa. Ana koyonsa a hankali ne, a kan yashi, da ƙwallo a tsaye, kafin a kai ga mai gudu. Wanda ya bar shi shekara biyu sai ya koma farko. Amma wasa na biyu yana matsowa, ni kuwa hannun shugaban sashe kawai nake gani a kan takarda. Sai na bar koyarwa na kama ihu.

A cikin kwanakin tsohon kyaftin ɗinmu ya bugo mini waya daga ƙauyen da aka tura shi koyarwa. Ya ce, "Bappa, yaya bana?" Na ce muna nan. Ya yi dariya ya ce labarin makanikai ya riga ya kai masa. Sannan ya ce, "Bappa, ka san ɗan Herwaganan nan ya fi duk masu tsaron bayanmu? Mu mun sani tun tuni. Mun ɗauka kai ma ka sani." Na ce na sani. Muka koma zancen ruwan sama.

Wasa na biyu da ƙungiyar wata makaranta ne daga wajen gari, matasa masu ƙarfi. An kwana ana ruwa, gefen fili na kudu ya yi taushi. Shugaban sashe ya zo da kujerarsa. Sai na ga wani dattijo siriri a tsaye can bayan raga shi kaɗai, da fensir a maƙale a bayan kunnensa ya manta bai cire ba. Ɗan kafinta ya ce mini babansa ne. Ya rufe shago ya zo, saboda ya ji an ba ɗansa kyaftin. Bai taɓa zuwa fili ba sai ranar.

Yaran sun yi ƙoƙari. Ba zan ce sun yi kyau ba, amma sun yi ƙoƙari. Suna shiga a birkice, wani ya samu ƙwallo, wani ya samu ƙafar mutum, alƙalin wasa ya yi ta busa. Aka ci mu ɗaya, muka rama da wata ƙwallo da ta bugi gwiwar wani ta faɗa raga. Na saci kallon shugaban sashe, na ga ya daina danna waya.

Ana dab da tashi ɗan gabansu ya kubce da ƙwallo ta gefen kudu. Ba kowa tsakaninsa da gola sai ɗan kafinta. Ya bi shi kafaɗa da kafaɗa. Na ga lokacin ya zo, lokacin da a ranar farkonsa ya zame ya ɗauke ƙwallo tsaf. Na ga ƙafarsa ta ɗaga, na ga ta fara komawa baya.

Na buɗe baki iya ƙarfina. "Shiga! Sa ƙafa! Shiga!"

Ya shiga. Amma lokacin ya riga ya wuce, kuma rabin jikinsa ya riga ya janye. Ƙafar da ya tura ta samu ƙwallon ta fitar da ita waje. Ɗayar kuwa ba ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ba, ta kafe a cikin laka, duk nauyinsa da na ɗan gaban suka juya a kanta. 'Yan kallo suka ɗauki sowa saboda ƙwallon ta fita. Ni ban yi sowa ba. Na ga yadda gwiwar ta juya, kuma ba ta wannan gefen gwiwa take juyawa ba.

Bai yi kuka ba. Ya cusa fuskarsa a ciyawa yana dukan ƙasa da tafin hannu. Babansa ya riga kowa isa wurin. Direban keken nan mai tsokana shi ya shigo da kekensa har tsakiyar fili, muka kai shi asibiti. Bayan an ɗauki hoto likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Ko an yi aiki sai ya kwashe watanni masu yawa kafin ya yi gudu, balle ƙwallo.

Bayan kwana kaɗan shugaban sashe ya aiko a kira ni ofis. Ya ce, "Bappa, na ga zuciya a yaran nan. Na sa hannu." Na yi godiya, don abin da na roƙa ke nan. Na fito na zauna a gindin darbejiyar da ke bakin fili, na daɗe ban tashi ba.

Ranar Lahadi da yamma, bayan na san an tashi coci an ci abinci, na tafi Herwagana. Shagon yana jikin gidan. Na tarar da baban a ƙofa yana goge wani dogon katako. Da na duba da kyau sai na ga sandar guragu ce yake yi, ya riga ya gama ɗaya ya jingine ta a bango, ya naɗe wurin hammata da soso da ƙyalle.

"Sannu da aiki, maigida."

"Maraba, Malam. Na asibiti sun yi masa tsawo. Ka san shi gajere ne kamar uwarsa."

Ya shigar da ni. Ɗakin yaron yana kusa da shago, taga ɗaya ta haɗa su. Yana kwance a kan katifa, ƙafar a ɗaure an ɗora ta kan matashi, littattafansa a zube a gefe. Ya yunƙura zai tashi na ce ya kwanta. Mamarsa ta kawo kunun zaƙi ta gaishe ni da kyau, amma ba ta ɗaga ido ta dube ni ba.

"Bappa, an sa hannu?"

"An sa."

Ya lumshe ido ya yi murmushi. "To alhamdu lillahi, in ji ku. Yaya kake ganin bana?"

Na faɗa masa gaskiya, don ba shi ne wanda zan yi wa ƙarya ba. Gola sabo ne, yana tsoron ƙwallon sama. Ba mu da mai ci, wanda ya fi kowa gudu in ya iso gaban raga sai ya rufe ido. Mutum biyun da suka rage daga 'yan farko suna buga ƙwallo inda suka saba ganin abokansu, alhali babu kowa a wurin. Baya kuwa, tun da ba shi, a buɗe take. Za a ci mu, kuma za a ci mu da yawa. Na ce na koma da su kan yashi, ana koyon sa ƙafa daga farko, da ƙwallo a tsaye. Wataƙila baɗi a ga wani abu.

Ta taga ana jin ƙarar gugar katako.

"Bappa, ƙwallon dai na cire ta, ko?"

"Ka cire."

"Da kyau?"

Na so in ce e. Na ce, "Ka makara."

"Na sani." Ya dubi rufin ɗaki. "Muryarka biyu na ji, Bappa. Ɗaya ta ce kada ka taɓa shi, ɗaya ta ce shiga. Sai na bi duka biyun."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, ƙaddara ce, kamar yadda yaro mai tarbiyya zai faɗa wa babba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai ya ɗan matso, ya rage murya.

"Bappa, ka ce baɗi. Na yi tunani. In mutum ya faɗi darasi biyu ko uku a zangon ƙarshe, ba a yaye shi. Sai ya dawo ya maimaita, kuma yana nan a matsayin ɗalibi. Likita ya ce kafin baɗi war haka na warke. Ba sai na yi wani abu ba ma, in shiga jarrabawa in bar rabin takarda ba rubutu. Shekara ɗaya ce kawai. Ka sa ni wasa ɗaya, shi ke nan."

Ƙarar gugar katako ta tsaya. Shi bai lura ba, ni na lura.

Allah ya sani raina ya so. Na hango shi baɗi a tsakiyar baya, da yaran da suka koyi sa ƙafa a gefensa, na hango kaina na biya abin da na ci masa. Na buɗe baki, kuma na san in na ce to, zai yi. Bai taɓa ƙin bin maganata ba, shi ne ma ya kawo shi kan katifar nan.

Na ce, "A'a."

"Bappa…"

"Ka ji ni da kyau. In ka bar layi ɗaya ba rubutu a takardar nan, ko ka dawo da ƙafar ƙarfe ba zan sa ka ba. Ko a atisaye ba za ka taka mini fili ba. Ka rubuta jarrabawarka, ka karɓi takardarka, ka fita."

"Wasa ɗaya fa, Bappa. Shekara biyu ina jira."

"Na sani. Ni na sa ka jira. Amma ba zan karɓi wata shekarar daga hannun babanka ba."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya juya fuskarsa bango. Na zauna kaɗan ko zai juyo, bai juyo ba. Na yi masa sallama, ya amsa a ciki-ciki.

Baban ya rako ni har bakin titi, da gari-garin katako a gaban rigarsa ta coci. Muka tsaya muna jiran keke. Da keken ya tsaya sai ya dafa mini hannu.

"Malam, na ji abin da ka faɗa masa. Na gode. Amma ina da roƙo."

"Faɗi, maigida."

"In an fara gasar nan, kada ka aiko a ɗauke shi ya zo kallo. Kada abokansa su zo suna ba shi labari. Ka bar mini shi ya yi karatu, ya manta da filin nan."

Na ce to.

An fara gasa makon jiya, a filinmu. An karanta sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya a lasifika, wasu har suna tsalle da suka ji nasu. An ci mu uku ba ko ɗaya. Ban aika Herwagana ba, shi ma bai zo ba.